Dabino Cikin Yashi

Haƙorin Baffa na ƙarshe ya faɗi ran Laraba,
cikin ƙwaryar fura, ko jini babu.
Ya tsamo shi, ya juya shi a tafin hannu, ya ce,
"To, ni da dabino mun yi bankwana."
Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya
yana cika tiya a Tsohuwar Kasuwa,
yana ƙara wa mai saye uku a bisa,
wai don hanya.

Shi ya sa nake tsugune yau,
Mabera ta yi tsit, rana ta kora kowa ɗaka,
ƙadangare ma ya bar katanga.
Na jiƙa dabino tun hantsi,
ya saki jiki, ya daina taurin kai.
Ina tsaga shi da farce, ina zare ƙwallo,
ina jefawa a murfin langa:
ƙwas, ƙwas,
kamar mai ƙirga bashin da ba za a biya ba.

Turmi ya karɓa.
Ba irin dakan gero ba ne, ba ya amo,
liƙewa yake, yana riƙe taɓarya
kamar yaron da ba ya son a tafi a bar shi.
Citta kaɗan. Kanumfari biyu.
Sukari kuwa ko ƙwaya,
wa ke kai gishiri Bilma?

Fulawa da man shanu na murza da yatsu
har suka yi wara-wara,
na zuba riɗin da na soya, na raba biyu.
Rabi a ƙasa, a farantin da na aro wurin Luba,
dabino a tsakiya, na shafe da bayan cokali,
rabi a bisa, na danna da tafi.
Sawun yatsuna ya zauna, ban goge ba.

Wuta ta tafi tun Litinin ba sallama,
tandun lantarkin nan ya zama ma'ajin kwanuka.
Sai babbar tukunya,
sai yashin da Sahabi ya ɗebo bakin Rima a buhun siminti,
gwangwanin madara uku, faranti a kai,
garwashi a ƙasa, garwashi kan murfi.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Ni dai yashi nake dafawa,
gumi na bin gadon bayana.

Ƙanshi ya riga ni shiga ɗakinsa.
Na ji rediyo ta yi shiru.
"Saudatu, mi aka dahwawa?"
Na yi kamar ban ji ba.

Ɗan garuwa ne ya yi sallama,
muka tsaya gardamar jarka biyu ko uku.
Kafin in dawo, hanci ya ba ni labari:
gefe guda ya yi baƙi ƙirin.
Na sauke, na zauna ina kallonsa,
ba a yanka shi da zafi, in ji Luba, rugujewa yake.
Na jira har inuwar darbejiya ta kai bakin randa.

Wuƙa ta shiga.
Wani dogo, wani gajere, wani ya karkace,
guda goma sha huɗu da ɓarɓashi.
Na zaɓi mai kyan, na kai masa a sosa.

Ya ɗora a harshe. Bai tauna ba, da me?
Ya rufe ido, dasashi na aiki a hankali,
maƙogwaro ya hau, ya sauka.
Ni kuwa na ƙi numfashi.

"Nawa kinka sayi tiya?"
Na faɗa.
"Wurin wa?"
Na ce wurin Nomau, na bakin ƙofa.
"Ya ce miki digila na?"
Na ce i.
Ya yi dariya, bakin nan fayau ba ko ɗaya.
"Targal na, ɗiyata. Ya cuce ki.
Ni na koya mai awo, ban koya mai wagga ba.
Gobe ki kai ni, in gan shi."

Sannan ya miƙo sosar,
ya nuna faranti da haɓa.
"Wancan mai baƙin gehe,
kak ki ba kaji."